Tarihin da Mushe Ayuba Ya Rubuta Sau Biyu

Mushe Ayuba Abdulmumin ya yi shekara talatin da huɗu yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, kuma bai taɓa cika shekara takwas a gari ɗaya ba. An fara kai shi Urno yana saurayi, daga can aka ɗaga shi zuwa wani ƙauye a bayan Buza inda ajin na kara ne da zana, ya yi Keita sau biyu, ya sake komawa ƙasar Buza. Dogo ne siriri, mai kyan rubutu, ga shi da tsabta har ana yi masa tsiya a kanta. Matarsa Zaliha ta bi shi duk waɗannan garuruwa da tukwanenta, ta haifa masa 'ya'ya biyar a gidaje huɗu daban-daban.

Da ya yi ritaya sai suka dawo Madawa, gidan mahaifinsa a unguwar Gawo Bakwai. Ya iske unguwar ta sake fuska. Cikin itatuwan gawon da aka sa mata suna da su, biyu kaɗai suka rage. Filin da suka yi langa suna yara ya zama wurin da manyan motoci ke lodin albasa, katangun laka kuma sun koma na siminti. Wannan bai dame shi sosai ba, sai ranar da aka je zaman makokin wani dattijo, ya ji mutum biyu masu furfura suna gardama a kan inda marinar unguwar take a da. Wannan ya ce bayan masallaci, wancan ya ce bakin kwalta. Aka rasa mai raba su, domin wanda ya sani shi ne aka binne da safe.

Washegari Mushe Ayuba ya sayi littattafan rubutu irin na 'yan lakwal, ya sa wa kansa aikin tattara tarihin Gawo Bakwai. Shekara guda ya yi yana bin gidaje da hantsi, yana ɗaukar muryar tsofaffi a wayarsa ta salula, in ya dawo ya kwafe a takarda. Ya gano inda marinar take. Ya rubuta sunayen maƙera da na unguwarzoma, da shekarar da ruwa ya ci rabin unguwar, da sunan wanda ya fara kawo injin niƙa. Aikin ya yi masa daɗi, har Zaliha ta ce tun barinsu Keita ba ta gan shi da walwala haka ba.

Labarin kafuwar unguwar ne kawai ya ƙi zama masa daidai. Mai unguwa Mahaman ya ba shi nasa: wai kakansa ne, wani maharbi daga Gobir, ya kwana a gindin gawo, wurin ya kwanta masa a rai, ya kafa bukka, mutane suka biyo shi. Kowa a unguwar haka yake faɗa. Amma da Mushe Ayuba ya jera shekarun haihuwa da na mutuwa, sai ya ga akwai kaburbura a tsohuwar maƙabarta da suka girmi zuwan maharbin.

Zaliha ce ta ce masa, "Mushe, ka tafi wurin Inna Mairamu. Ita kaɗai ta rage cikin sa'o'inta, kuma hankalinta garau yake."

Inna Mairamu ta haura tamanin da biyar a lokacin. Tana zaune a gidan ɗanta Mutari, magini, a lungun da ke fuskantar tsohuwar rijiyar unguwar. Idanunta sun yi rauni, amma kunnenta bai bar komai ya wuce ba. Da ya gaishe ta ya faɗi abin da ya kawo shi, sai ta ci gaba da murza carbinta.

"Ayuba, ka tabbata kana son ji? Abin da ke bakina ba shi ne na ƙofar mai unguwa ba."

"Shi na zo nema, Inna."

Safiya huɗu ya yi yana zuwa, salula a kan tabarma tsakaninsu. Ta ce masa maharbin ya zo, gaskiya ne, amma ya iske wuta tana ci a murhu bakwai. Waɗanda suka hura ta mutane ne da suka fito daga arewa, can bayan Azarori, inda suke noma wa iyayengijinsu masu raƙuma. Kowace kaka sai a zo a ɗora hatsin a tafi, a bar musu abin da ba zai kai su bazara ba. A shekarar wata babbar yunwa aka kwashe har irin shuka. Sai magidanta bakwai suka haɗa baki, suka ɗauki matansu da 'ya'yansu, suka yiwo kudu da ƙafa. Yara uku suka binne a hanya. Da suka iso nan kowane gida ya zauna a gindin gawo ɗaya, suka gina rijiyar can da dagi da hannuwansu, wata biyu suna tono kafin su ga damshi.

Ta lissafa sunayen bakwai a hankali, da sunan matar kowanne. Na biyu shi ne Jima, mahaifinta. Da ta kai na biyar sai ta ɗaga kai ta fuskanci inda yake.

"Na biyar Iro ne, kakanka. Shi aka fara zurawa da igiya cikin rijiyar, don siriri ne kamar kai. Ni na san shi, ya sha ba ni aya."

Mushe Ayuba ya ji kamar an zare masa tabarmar da yake kai. Mahaifinsa har ya rasu cewa yake su fatake ne daga wajen Ƙonni. Bai taɓa jin an haɗa gidansu da bauta ba. Ya yi godiya, ya ɗauki salularsa, ya fito yana tafiya kamar wanda ya tashi daga jinya.

A wannan watan ne kuma maganar auren autarsa Ikram ta taso. Mai nemanta Shafi'i ne, ma'aikacin jinya, ɗan wani tsohon gidan 'yan kasuwa na cikin gari, irin gidajen da ake cewa ba su ɗaukar mace sai sun bincika asalinta har kaka na uku. Ikram tana son yaron, shi ma yana sonta. Mushe Ayuba ya yi kwana goma yana juya abin a ransa. Ya tuna wani abokin aikinsa a Keita da aka maido wa ɗiyarsa kayan aure a kan irin wannan magana. Wata rana bayan la'asar ya zauna a gindin itacen dogon yaro na tsakar gida, ya buɗe salula, ya nemo muryar Inna Mairamu ta safiya huɗun nan. Salular ta tambaye shi ko ya tabbata zai goge. Ya danna. Sannan ya yage shafukan da ya kwafe, ya kai su murhu inda Zaliha ke dafa tuwo.

"Mi kake ƙonawa, Mushe?"

"Ruɗun tsufa ne. Ba shi da amfani."

Ta dube shi, ta ci gaba da tuƙinta.

Littafin ya fito da shafi arba'in da biyu, an buga shi a na'ura an yi fotokopi. Ya buɗe da maharbin Gobir, da lafazi mai daɗi. A kan rijiyar layi ɗaya ya rubuta: wai an gina ta zamanin Turawa don shayar da dabbobin 'yan kasuwa. A shafin ƙarshe ya jera sunayen tsofaffin da ya ji labari daga bakinsu, ya sa har da na Inna Mairamu, domin duk unguwa an ga yana shiga gidan, rashin sunan zai jawo tambaya. Wani gidan rediyo na gari ya gayyace shi ya karanta littafin Juma'a uku a jere. Mai unguwa ya sa masa albarka a gaban jama'a. Maluman lakwal suka karɓi kofi don ɗalibansu.

Bayan Juma'a ta uku Mutari ya zo ƙofar gidansa, ya ce tsohuwa tana kira. Sai da ya yi kwana tara kafin ya iya zuwa. Ya iske ta a inda ya saba iske ta, rediyonta ƙarama a gefen filo.

"Na ji ka, Ayuba. Ka iya karatu, babu inda ka yi tuntuɓe."

Ya sunkuyar da kai.

"An ce mini ka sa sunana a ƙarshe."

"Na sa, Inna."

"To da bakina ka yi ƙaryar ke nan, ba da naka ba." Ba ta ɗaga murya ba. "Ni ban aika a kira ka ba wancan karon. Shekara nawa ina riƙe da sunayen mutanen nan, ba su taɓa yi mini nauyi ba. Kai ka zo ka ce in ba ka, ka ce takarda ba ta mutuwa."

Ya gaya mata maganar auren Ikram. Ya ce da zarar an ɗaura, an kwana biyu, zai gyara komai. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta laluba ta jawo mayafinta.

"Allah ya sa alheri a auren. Ka gaida Zaliha."

Aka yi biki lafiya, aka kai amarya. Mushe Ayuba ya ce bari damina ta wuce. Damina ta wuce, ya ce bari Ikram ta haihu tukuna, zamanta ya yi ƙarfi. In zai je masallaci sai ya zagaya ta bakin kwalta don kada ya bi ta lungun Mutari, ko da yake hanyar ta ninka.

Ana nan sai wata akuya ta faɗa cikin tsohuwar rijiyar. Tun zuwan famfo ba a shan ruwanta, bakinta kuma ya zube ta gefe ɗaya. Mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa, aka kawo shawarar a cike ta a gina shaguna a wurin. Mutari ya miƙe. Mutum ne da ba ya magana a taro. Ya ce a gyara bakin rijiyar a rufe ta da ƙarfe, shi zai yi aikin da hannunsa, domin kakansa da wasu mutum shida ne suka gina ta, kuma ita ce mafarin unguwar.

Mai unguwa ya sa hannu a aljihu ya fito da littafin. "Mutari, ba mu ƙi ta taka ba. Amma ga abin da mai ilimi ya bincika ya rubuta. Rijiyar dabbobi ce ta zamanin Turawa. Har da sunan mahaifiyarka cikin masu ba da labari. Ko ba haka ba, Mushe?"

Duk aka juyo ana kallonsa. Mushe Ayuba ya san kalma biyu za su isa. Ya ga surukinsa, mahaifin Shafi'i, wanda ya zo gaida mai unguwa aka tsayar da shi, yana zaune a kan kujera a gefe.

"Haka aka gaya mini," in ji shi.

Mutari ya dube shi tsawon lokaci, sannan ya sa takalmansa ya tafi. Cikin sati biyu motocin yashi suka cike rijiyar. Aka kawo magina daga wata unguwa, domin Mutari ya ƙi karɓar aikin.

Wata biyu bayan haka Inna Mairamu ta faɗi a bakin ɗakinta. Da aka dawo da ita daga likita, ɓarin jikinta na dama ya mutu, magana kuma ta ɗauke. A wannan karon ba a kira shi ba, shi ya kai kansa, da littafin rubutu sabo a hannu. Mutari ya bar shi ya shiga, amma bai amsa gaisuwarsa ba. Ya durƙusa a gefen gadonta.

"Inna, ni ne Ayuba. Na zo in gyara. Zan faɗi sunayen, in na yi daidai ki matsa mini hannu."

Ya kama hannunta na hagu. Ya faɗi na farko, ta matsa. Ya faɗi Jima, ta matsa. Na uku, na huɗu, sai Iro. Daga nan ya tsaya. Ya laluba cikin kansa, babu. Shekara biyu ya yi yana korar waɗannan sunaye daga ransa, biyu daga ciki sun tafi. Ya ga leɓɓanta suna motsi. Ya kai kunnensa dab da bakinta, ba abin da ke fita sai iska. Ya juya wajen Mutari.

"Ni ban riƙe su ba," in ji Mutari. "Da ta ba ka, sai ta ce mini hankalinta ya kwanta, an rubuta. Ni ma sai na saki jiki."

Ta rasu da bazara. Mushe Ayuba yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da aka dawo bai iya zama a wurin makoki ba, ya koma gida ya kwanta, ya yi kwana uku abinci ba ya wuce masa. A rana ta huɗu Zaliha ta aika aka kira Ikram, ta zo da jaririnta a baya. Sai ya zaunar da su su biyu, ya faɗa musu komai, tun daga safiya huɗun nan har zuwa taron ƙofar mai unguwa.

Ikram ta saurare shi tana jijjiga ɗanta. Can ta ce, "Baba, ai sun sani."

"Su wa?"

"Su Hajiya, mahaifiyar Shafi'i. Satina ɗaya a gidan ta gaya mini. Ta ce sun bincika tun kafin su kawo kaya, wani tsoho a Azarori ya ba su labarin Iro. Kawun Shafi'i ya so ya hana, mahaifinsa ya ce shi hali ya aika a tambayo, kuma an ce gidan Mushe Ayuba gidan gaskiya ne. Ni na ɗauka kai ne ba ka sani ba, shi ya sa ban taɓa faɗa maka ba, don kada ranka ya ɓaci."

Mushe Ayuba ya tuna surukin nasa a kan kujera ranar taron, yana jinsa yana cewa haka aka gaya masa. Zaliha ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Bayan sadakar arba'in Mushe Ayuba ya hau motar Azarori. Tsohon da ya ba surukansa labari ya riga ya rasu, amma ya sami ƙanwarsa a wani ƙauye da sai da kabu-kabu, wato babur na haya, ake shigarsa. Ita ta ba shi suna na shida, Sha'aibu, wanda aka ce shi ya ɗauko dagin a kafaɗa tun daga arewa. Na bakwai ya neme shi a ƙauyuka goma sha ɗaya, har cikin ƙasar Keita, bai samu ba. Matan kuwa sunan uku kawai ya iya haɗawa.

Ya sake rubuta littafin. A shafin farko ya faɗi abin da ya yi, da sunansa, ba tare da ya kawo uzurin auren ba. Ya nemi mai unguwa ya ba shi dama bayan sallar Juma'a, ya tsaya a ƙofar gidan ya karanta da ƙarfi. Ya zaci in ya gama zai ji sauƙi. Ba haka aka yi ba. Mai unguwa ya tashi ya shige gida tun kafin a kai ƙarshe. Wani ɗan kasuwa, jikan mutum na uku, ya tare shi a hanya idanunsa jawur.

"Wa ya aike ka, Mushe? Kai ka aurar da taka, ni ina da 'yan mata uku a gida. Da ka yi ƙarya ba ka shawarce mu ba, yanzu da za ka wanke kanka ma ba ka shawarce mu ba."

Mushe Ayuba ya san akwai gaskiya a maganar. Wasu kuwa sun biyo shi gida a ɓoye, suna so ya nuna musu inda gawon kakansu yake. Ya kai su, ya nuna musu, wani wurin garejin mota ne, wani kuma ɗakin ajiyar albasa. Gidan rediyon da ya karanta na farko suka ce maganar tana da nauyi, a dakata tukuna. Har yau ana dakatawa.

Yanzu yana da shekara sittin da takwas, idanunsa sun fara gajiya da ƙananan haruffa. Ba a kiransa taron unguwa. Ya bi gidaje da lakwal-lakwal yana roƙon a ba shi tsohon littafin ya ba da sabon, wasu suka ba shi, wasu suka ce ya ɓace, amma fotokopi ta riga ta yi nisa da shi. Kwanan baya wata ɗaliba mai suna Mardiyya ta zo daga jami'a a Tawa, tana rubutu a kan tsofaffin unguwannin Madawa. Ta fito da kofin littafin farko daga jakarta, duk ta ja layi a ƙarƙashin labarin maharbin, tana murna ta ga marubucin ido da ido.

Ya sa aka kawo mata ruwa, ya ba ta na biyun, ya jira ta karanta shafin farko. Da ta gama ta ɗago a rikice.

"Mushe, to wanne zan ɗauka?"

"Na biyun ne gaskiya, iyakar abin da ya rage a hannuna. Amma kada ki tsaya a kaina, ɗiyata, kin ga dalili. Ki bi lungun nan har ki iske shaguna huɗu masu koren ƙofa. Gidan da ke fuskantarsu na Mutari magini ne. Ki tambaye shi abin da ya ji daga mahaifiyarsa, ki rubuta yadda ya faɗa, da sunansa."

"Ba za ka raka ni ba?"

"A'a. Zai fi sakin jiki da ke in ba ni."

Ta tattara takardunta ta yi sallama. Ya raka ta har bakin zaure, ya nuna mata hanya da hannu, ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya dawo ciki.